Bakwai Mai Ɗamara

Ranar Talata da hantsi, Sufeto Abdulmutallib yana zaune a ofishin 'yan sanda na Illela yana fifita da wani tsohon fayil, sai ya ji dariya a kanta. Bazara ce, zafi ya sauka tun kafin rana ta ɗaga, kuma ba kasafai ake samun mai ƙarfin dariya a irin wannan lokaci ba. Ya tashi ya leƙa.

Wata mata ce a tsaye da farin hijabi, ta rungume jakarta a ƙirji. Saja Mukhtari ne mai dariyar. Ya shaida wa Sufeto wai an shiga wani asibiti a Tozai, ɓarawo ya bar batirin sola, ya bar firjin allura, ya bar babur a tsakar gida, ya sauke takarda guda ɗaya daga bango ya tafi.

"Ɓarawon ga ɗan boko na, Yallaɓai," in ji Saja.

Matar ba ta yi dariya ba. Sufeto ya dubi idanunta, ya ga na wadda ba ta karya kumallo ba ne, sai ya ce ta shigo ciki ta zauna.

Sunanta Haulatu. Ma'aikaciyar jinya ce, ita ke da Asibitin Sauƙi, ɗaki huɗu da gado shida, wanda ta buɗe bayan rasuwar mijinta. Shekara uku ke nan da aka sa asibitin cikin tsarin inshorar lafiya na gwamnati. Mai kati ya zo, a duba shi, a ba shi magani, ya tafi bai biya ko kwabo ba. Asibiti ya cika fom, a tara na wata guda a kai Sakkwato, hukuma ta biya. Kowane asibiti da lambarsa, kuma lambar ce kaɗai ake rubutawa a kan fom, suna sai a wasiƙar da ake ɗorawa a saman ƙunshin. Takardar da aka sace ita ce takardar shaidar da hukuma ta ba ta, a cikin gilashi, da lambar a tsakiya.

Wata biyar ba a biya ta ba. Ta ɗauka jinkiri ne, ta yi ta haƙuri har kabad ɗin magani ya kusa zama wayam. Jiya Litinin ta buga waya, aka ce mata tun Nuwamba ba a ga fom ko ɗaya da lambarta ba, kuma asibitin da ya yi wata shida shiru ana cire shi, a mayar da masu katinsa wani wuri. Wa'adinta ranar Alhamis ne, ƙarfe goma sha biyu. Da ta ajiye wayar ta faɗa a gaban duk wanda ke wurin cewa gobe za ta sauke takardar ta gwada da abin da ake rubutawa a fom. Gari ya waye, sai ƙusa.

"Kin haddace lambar?"

"Ban haddace ba, Yallaɓai." Ta sunkuyar da kai. "Shekara uku ina wucewa ƙarƙashinta."

"In aka cire ki fa?"

"Mutum ɗari bakwai da 'yan kai ke da kati wurina. Mace na naƙuda, sai a aza ta bisa amalanke a kawo ta nan cikin gari. Wata ta iso, wata ba ta isowa."

Sufeto ya ajiye fayil ɗin da yake fifita da shi, ya ce wa Saja ya ta da mota.

Wata huɗu ke nan da aka yi wa Sufeto canjin wurin aiki daga Bauci, har yanzu kunnensa bai gama sabawa da Hausar mutanen nan ba, amma ido ba ya buƙatar tafinta. Da suka isa asibitin ya zagaya ginin sau biyu. Ba a taɓa taga ba. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. A baranda, a bangon da ke fuskantar wani dogon benci, ya ga ƙusar, da gurbin takardar inda fenti ya fi na sauran bangon haske.

Ya tambayi mutum nawa ke da makulli. Haulatu ta ce uku: ita, da Shamsu akawu mai cika fom, da Jabir ƙanin marigayi mijinta. Jabir ɗan kasuwar albasa ne, kowane mako yana bin mota zuwa Sakkwato, shi ke kai mata fom ya kuma ɗauko mata katan ɗin magani, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Shamsu yana cikin ɗan ɗakinsa, siririn mutum mai tabarau, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sufeto ya tambaye shi ko kullum sai ya fita baranda ya duba lambar kafin ya rubuta. Ya ce a'a, ya nuna wata 'yar takarda da aka manna a kusurwar teburinsa. A jikinta an rubuta 81097.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni na."

"Yaushe?"

"Tun da anka ba mu takardar. Shekara uku."

Sufeto ya sunkuya. Teburin ya sha tawada da zoben kofin shayi, amma 'yar takardar fara ce tas, gam ɗin gefenta bai ma yi baƙi ba. Ya jawo kwafin fom guda daga cikin tuli ya ajiye kusa da ita. Lambar ɗaya ce, hannun ne daban. Bakwai ɗin Shamsu tsirara yake, layi biyu kawai. Na jikin 'yar takardar an ja masa wani gajeren layi a tsakiya, kamar an ɗaura masa ɗamara.

Ya nuna wa Shamsu. Shamsu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce wani lokaci haka hannunsa ke yi.

Sufeto bai yi musu ba. Ya sa farce ya ɓamɓare takardar a hankali, ya saka ta cikin littafinsa.

Samun Sakkwato a waya daga Tozai aiki ne. Wayar Sufeto ta yi ta kamo layin Nijar, sai da ya hau bayan mota ya juya gabas sannan ta shiga. Wata Malama Hindatu ce ta ɗauka a ofishin hukumar, mai magana a tsanake. Ya gabatar da kansa, ya roƙi lambar Asibitin Sauƙi. Ta ce ba a bayar da lambar asibiti ta waya, ko ga ɗan sanda, domin da irin wannan kiran ne masu damfara ke samunta. Sai a rubuto wasiƙa, a sa hannu, a buga hatimi, kuma sabuwar takardar shaida takan ɗauki mako uku. Ya ce jibi ne wa'adin. Ta ce ta sani, ita ce ta yi magana da Haulatu jiya, kuma abin ya tsaya mata a rai.

"To in ni na karanto miki lamba fa?"

"Karanto."

Ya karanta mata ta jikin 'yar takardar. Ya ji tana danna kwamfuta.

"Wannan ba ta Asibitin Sauƙi ba ce. Lamba ce mai rai, ta wani wuri ce, kuma fom na shigowa da ita kowane wata. Kar ka tambaye ni ta wa, sai da wasiƙa."

Ta ƙara da cewa in Haulatu ta kawo kwafin fom ɗinta da lambar gaskiya kafin sha biyun Alhamis, za a karɓa. Sufeto ya tambaya ko zai iya sake kira ya gwada wata lambar.

"Sau ɗaya, Sufeto. Ba caca muke yi ba."

Ya sauko daga motar yana lissafi. Lamba biyar, bai san wadda aka sauya ba, bai san ko guda ce ko biyu ba, kuma harbi ɗaya gare shi.

Yana nan tsaye sai ga wani mutum a kan babur, kakkaura, mai fara'a, warin albasa na biye da shi. Ya sauka ya durƙusa ya gai da Haulatu, yana ce mata Yaya, ya jajanta, sannan ya miƙa wa Sufeto hannu biyu. Jabir ke nan. Ya ce makullinsa na rataye a rumfarsa ta kasuwa tun ranar Lahadi, kowa na iya shaida. Sufeto ya tambaye shi ko yakan duba fom ɗin da yake kaiwa.

Jabir ya yi dariya har da dafa ciki. "Ni jaki na, Yallaɓai. A aza min kaya in kai. Allo kaɗai niy yi, boko ko alif nasu ban sani ba. Tambayi Yaya."

Haulatu ta gyaɗa kai. Haka ta san shi tun da aka kawo ta gidansu.

Sai Jabir ya rage murya, ya ce shi ba ya son ɗaukar alhakin kowa, amma akwai wani tsohon Bafulatani, Jaɓɓo, da ke da ruga bayan Lafani. Da damina matarsa ta kwanta a nan, ya yi kwana tara a kan bencin nan bai ɗauke ido daga takardar ba. Makon jiya ma ya zo, ya tsaya a gabanta yana motsa baki. Wa ya sani ko ya ɗauka laya ce? Su kuma mutanen daji ba a rasa su da dabarar kwaɗo.

Haulatu ta ce Baffa Jaɓɓo ba zai yi haka ba, amma muryarta ba ta da ƙarfi. Ita ma ta ga kallon.

Laraba da safe suka nufi rugar. Mota ta kai inda za ta iya, suka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Sufeto ya tafi da ankwa a aljihu, kuma daga baya ya ce bai taɓa jin kunyar wani ƙarfe kamar yadda ya ji ta wannan ba.

Sun tarar da tsohon a tsaye cikin shanu, dogo, busasshe, da sanda a kafaɗa. Yana kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta, wadda ya kira ta ɗago kai ta taho. Sufeto ya ƙirga har arba'in ya bari. Sai da tsohon ya gama sannan ya juyo, ya yi musu maraba, ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin wata aduwa. Matarsa Mero ta kawo nono a ƙwarya ta koma.

Sufeto ya faɗi abin da ya kawo su, bai ɓoye cewa an ambaci sunansa ba. Jaɓɓo bai ɓata rai ba. Ya ce gaskiya ne ya kalli takardar, kuma zai faɗi dalili. Lokacin da aka kai Mero, amai da gudawa sun tsotse ta, ana ta ƙara mata ruwa, ba wanda ya san ko za ta tashi. A wurinsu namiji ba ya zama bakin gadon matarsa mutane na kallon fuskarsa, abin kunya ne. Ba ya kuma iya komawa ruga. Sai ya zauna a baranda, ya juya wa ƙofarta baya, ya nemi abin da zai ɗora wa ido don kada zuciya ta fito fili. Abin da ke gabansa ke nan.

"Shanu biyar na gani a tsaye cikin farin fili," in ji shi. "Sai na yi kiwonsu. Da safe in ƙirga su, da marece in ƙirga su. Kwana tara ba wadda ta ɓace, ita ma ba ta ɓace ba."

Makon jiya da ya raka Mero a duba ta, ya tsaya ne ya gaishe su.

Sufeto ya ajiye ƙwaryar a hankali.

"Baba, ka iya karatu?"

"Ko kaɗan."

"Za ka iya nuna mini kamanninsu?"

Tsohon ya dube shi kamar an tambaye shi ko ya san 'ya'yansa. Ya miƙe, ya share ƙasa da tafin ƙafa, ya kama sandarsa. Daga dama ya fara. Ya ja wani lanƙwasasshen layi ya shimfiɗa masa gindi, ya ce wannan wuyan raƙumi ne. Ya matsa hagu ya zana ludayi a tsaye, kansa a sama. Sai zobe. Sai sanda. Daga ƙarshe ya zana dabaibayi, irin igiyar da ake harɗe ƙafafun jaki da ita, zagaye biyu a haɗe. Hannunsa bai tsaya ba, bai goge ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya ja wani ɗan layi a sama ta gefe, ya ce nan gilashin ya tsage.

Sufeto ya zagayo ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. A kan ƙasa, cikin kashin shanu da ƙayar aduwa, ga lamba nan ɓaro-ɓaro kamar an buga ta da inji: 81092.

Saja Mukhtari, wanda ba a raba shi da zolaya, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Wata saniya ta matso tana shinshina, tsohon ya kira sunanta a hankali, ta ja da baya.

Sufeto ya yi shekara goma sha tara yana aiki. Ya ga masu digiri sun kasa faɗin lambar motarsu, ya ga shaidu sun rantse a kan launin rigar da ba su gani ba. Ya durƙusa ya kwafi lambar a littafinsa, ya ɗauke ta hoto da waya. A ransa yana ta maimaita, Allah mai baiwa, Allah mai baiwa.

Sannan ya ciro 'yar takardar teburin Shamsu ya miƙa wa tsohon. Jaɓɓo ya nisanta ta da idonsa ya duba. Ya ce huɗu nasa ne, ko da yake sandar ta fito da gemu. Ta biyar baƙuwa ce, an kore raƙumin an sa fartanya mai ɗamara.

"Ka taɓa ganin irinta?"

Ya ce sau da yawa. In sun ƙetara da shanu wajen Ƙonni ta Nijar, malaman dabbobi na can kan yi musu allura su ba su takarda, kuma duk fartanyarsu da ɗamara take, sandarsu da gemu. Na wannan gefen ba sa yi.

Saja ya leƙo ya gani, karo na farko ke nan da aka nuna masa takardar. Ya bugi cinyarsa.

"Rubutun lakwal na, Yallaɓai. Makarantar bokon Nijar. Can in yaro bai ja wa bakwai layi ba, mushe na bugun yatsunai da rula."

Sufeto ya tambaye shi wane mushe kuma, ya ce haka suke kiran malamin makaranta, ba mushen jaki ba.

Da za su tafi Sufeto ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Jaɓɓo ya ce a gai da Haulatu, a ce mata Mero na cin tuwo.

A Tozai, Sufeto ya sake hawa bayan mota ya kira Sakkwato. Haulatu na tsaye a ƙasa ta kama ƙarfen motar, mata masu jiran awo na kallo daga baranda. Malama Hindatu ta tuna masa cewa wannan ne na ƙarshe, ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya dubi hoton ƙasar da ke cikin wayarsa, ya ce ya tabbata. Ya karanta a hankali, takwas, ɗaya, sifili, tara, biyu.

Ya ji ƙarar dannawa.

"Ita ce. A ina kuka samo ta?"

"A rubuce a ƙasa, Malama. Wani makiyayi ne ya ajiye mana."

Haulatu ta zame ta zauna a kan tayar motar, ta rufe fuska da hijabi. Ba ta daɗe ba ta miƙe, domin fom ɗari huɗu da wani abu ke jiran a gyara musu lamba kafin gobe.

Sufeto ya riga ta shiga ɗakin Shamsu ya rufe ƙofa. Ya tambaye shi inda ya yi makaranta. Ya ce firamare a Illela, sakandare a Gwadabawa. Sufeto ya ajiye 'yar takardar a gabansa, ya ce to wannan hannun ɗan lakwal ne, kuma duk wanda ya ce shi ya rubuta ta, shi zai amsa laifin wata biyar a gaban alƙali.

Shamsu ya yi ta kallon takardar, sannan bakinsa ya buɗe. A watan Nuwamba ne shayi ya zube masa a tebur, tsohuwar takardar ta jiƙe ta narke. Jabir na zaune yana jiran fom. Ya ce kar ya damu, ya karɓi biro ya fita baranda, ya dawo da wannan. Shamsu ya yi mamaki, Jabir ya ce masa sirri ne: yana yaro an kai shi wurin dangin uwarsa a Ƙonni da sunan karatun allo, kawunsa ya sa shi lakwal shekara biyar ba da sanin mahaifinsa ba, har tsohon ya rasu bai sani ba. Ya sa Shamsu ya rantse ba zai faɗa ba. Shamsu kuma bai taɓa fita ya gwada da ta bango ba, taku goma kacal, kuma wannan ne ya fi jin tsoron Haulatu ta sani.

Sufeto ya ce ya ɗauki biro ya je ya taya ta gyara, maganarsa da ita tasu ce.

Amma bakin Shamsu kaɗai ba zai isa ba. Jabir zai ce ƙarya ne, kuma garin duka zai shaida bai iya boko ba. Sufeto ya tambayi Saja yaushe ake lodin albasa. Saja ya ce yau da la'asar, motar Sakkwato da asuba take tashi.

Suka bar mota nesa da kasuwa. Sufeto ya ɗora doguwar riga a kan kakinsa, ya bi ta bayan rumfuna har ya samu inda zai tsaya a inuwar wata babbar mota. Rumfar Jabir a can ƙarshe take, ba mai wucewa sosai. Buhuna jajaye a jere, an ɗinke bakinsu. Jabir shi kaɗai, da gwangwanin shuɗin fenti da ɗan tsinke mai tsumma a baki, yana bin su yana sa musu lamba don kada su cakuɗe da na wasu a mota. Yana 'yar waƙarsa.

Yana kan na ashirin da huɗu. Sufeto ya jira.

Ashirin da biyar. Ashirin da shida. Jabir ya tsoma tsinken, ya rubuta biyu, ya ja layin sama, ya gangaro da shi. Hannun ya ɗaga kamar zai wuce, sai ya dawo da kansa ya ja ɗan layi a tsakiya.

"Me ya sa ka ɗaura masa ɗamara?"

Jabir ya juyo. Murmushin ya fara zuwa, ya tsaya a hanya. Ya dubi buhun, ya dubi tsinken da ke hannunsa, fenti na ɗiga a kan takalminsa. Ya ce lambobi kaɗai ya iya, irin na kasuwa, kowane ɗan kasuwa ya iya wannan. Sufeto ya buɗe littafinsa, ya ɗora 'yar takardar a jikin buhun, dab da ɗanyen fentin. Bakwai biyu, ƙarami da babba, kamar uwa da ɗa. Ya nuna masa buhu na goma sha ɗaya, inda sanduna biyu ke tsaye kowace da gemunta.

"Shamsu ya yi magana. Gobe wasiƙa za ta tafi Sakkwato, su faɗa mini mai lambar nan. Ka fi so in ji daga bakinsu?"

Jabir ya zauna a kan buhu. Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne.

Da ya fara magana, a hankali ya yi ta. Lambar ta wani ɗaki ce a ƙauyen Garu, mai allo a ƙofa da kwaɗo, wanda shi da wani abokinsa suka yi wa rajista da sunan asibiti a shekarar da aka yi wa na Haulatu, shi ya sa lambobin suke kusa. Ba a taɓa duba ko mai ciwon kai a ciki ba. Ya bar shi haka nan har lokacin da albasarsa ta ruɓe a rumbu, sai ya tuna da shi. In ya karɓi ƙunshin fom, a hanya yakan cire wasiƙar sama ya sa tasu. Ya ce wa kansa wata ɗaya kawai. Ranar Litinin da ya ji Yaya ta ce za ta sauke takardar, ya san in ta gwada an gama, sai ya riga ta.

"Ina takardar?"

"Na ƙone ta. Gilashin na cikin rijiya."

"Ka san ranar Alhamis za a rufe mata asibiti?"

Jabir ya kawar da kai.

Saja ya iso da mota, Haulatu a gidan gaba, don Sufeto ya aika a ɗauko ta. Ta fito, yatsunta duk tawada. Ta dubi buhun, ta dubi ƙanin mijinta. Ya ce, "Yaya," bai iya ƙarawa ba. Ta tambaye shi abu ɗaya, ko ya tuna daren da matarsa ta haihu a gado na uku, da katin da aka karɓe ta da shi. Ya sunkuyar da kai. Ta juya ta koma mota, ta ce wa Saja in an gama a mayar da ita, saura fom ɗari da sittin.

'Yan kasuwa sun fara taruwa. Sufeto ya ciro ankwa, Jabir ya miƙo hannu da kansa. Sai da ƙarfen ya kama sannan maganarta ta isa kunnensa, ya ɗago kai.

"Fom? Da wace lamba? Na ƙone ta, Yallaɓai. Ba wanda ya san ta, ko ni ban riƙe ta ba."

"An ba mu ita."

"Wa?"

"Tsohon da ka ce a kama."

Jabir ya zaro ido. "Jaɓɓo? Ai bai iya karatu ba."

"Kai ma haka ka ce," in ji Sufeto.

Ya kama shi a damtse, suka bi ta tsakanin buhunan zuwa mota, mutane na darewa suna ba su hanya.